Malam Ja'afar da Yarinya Mai Kallon Baki

Ƙin tambaya mugun hali ne, musamman ga baƙo, don baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Da aka kawo Malam Ja'afar wata firamare a bayan Malikanchi, sai hedimasta ya ba shi aji shida, ya ce ya gwada yaran, ya fitar da wanda zai je gasar lissafi a Ikara. Takardar bugawa babu, don haka da baki yake jefa tambaya, yara na rubutawa.

A bencin gaba akwai Mukarrama, wadda sanƙarau ya taɓa wa kunne tun tana ƙarama. Motsin leɓe take bi. Malam bai sani ba, shi dai ya ga yarinya ta kafe shi da ido.

"Ke! A gidanku haka ake kallon manya? Sunkuyar da kai."

Ya nuna ƙasa da bulala, ta sunkuyar. Malama Talatu, mai ajin a da, ta leƙo ta taga. "Malam, ita wannan yarinyar..."

"Malama, ba a koya wa kare gudu."

Aka karɓi takardu, tata fara fat. Malam ya juya takardar gaba, ya juya ta baya. Kowa ya ce ita ce ta ɗaya, to ina lissafin? Taurin kai ne, ko iskokai? Ya kira ta ofis ya sake tambaya, kanta a ƙasa, shiru. Ya daka tsawa, ta ɗago. Ta ɗago, ya ce ta sunkuya. Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya tura wata yarinyar daban, Bilki, gasar.

Ran kasuwa uban Mukarrama, Malam Ɗalhatu, ya tare shi, suka gaisa.

"Allah gafarta Malam, ka hana ta kallon bakinka, da me kake so ta ji?"

Malam ya ce: "To, amma tarbiyya fa? Yarinya ta zura wa babba ido?"

"Au, tarbiyya aka ce ka gwada? Mu an ce mana lissafi ne."

Ga abin da ƙin tambaya ya jawo masa. Kofin gasar ya tafi makarantar Kurmin Kogi. Ɗalhatu ya mai da 'yarsa makarantar Kudan, wajen goggonta. Aji shida ya koma hannun Talatu, shi kuwa aka ba shi 'yan aji ɗaya.