Lauje Shida a Gaban Waliyyi

Kwana takwas ke nan matan zumunta na wani ƙaramin cocin Katolika a ƙauyen Bunkure suna haɗuwa da la'asar, suna roƙon Waliyyi Yusufu ya sa baki ruwan rani ya iso gonakinsu. Tumatir duk ya langaɓe. Sisiliya kuwa da takaici take jan carbinta, don ta san abin da ya tare ruwan. Ciyawar kacalla ce ta toshe magudanar, kuma kowacce ta gefenta take wucewa in za ta coci.

Sau biyu tana yin maganar, sau biyu shugabarsu, Mama Aganes, tana cewa, "Ƙanwata, a gama addu'ar kwana tara tukuna, ba a katse ta."

Ran na tara Sisiliya ta shigo da kwando a ka, ta dire shi gaban hoton waliyyin. Lauje shida ne a ciki.

"Wannan kuma fa?" in ji Mama Aganes.

"Yaya, tun safe maƙwabcinmu Datti da ƙannensa suna cikin taɓo har gwiwa suna yanka. Mu muna nan muna ƙirga kwana!"

"Sisiliya, a gaban waliyyi kike ɗaga murya?"

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta rataya carbi a wuya, ta zari lauje ɗaya.

"Kafinta ne fa, Yaya. Da yana nan, da ya riga mu shiga ruwan."