Karsanar Lawan da Bijimin Tarauni

Shanu biyu Lawan yake da su a bayan gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi: tsohuwar saniya wadda nononta ya kusa ƙafewa, da 'yarta, farar karsana mai ƙaramin ƙugu. A kan karsanar nan ya ɗora burinsa duka. Ita za ta gaji uwar, ta ci gaba da ba da nonon da matarsa Indo take dama fura da shi ta sayar.

Da lokacin barbara ya yi, maƙwabcinsa Ƙasimu ya ce ya kawo ta wajen ɗan bijiminsa, yadda mutanen layin suka saba. Lawan ya je ya dubi bijimin, gajere, duk ƙashi, ya taɓe baki. Shi idonsa ya riga ya ga wani. Alhaji Abdulmalik na Tarauni, mai babban garke a bayan gari, wanda Lawan yake yi wa gyaran famfo, ya sayo sabon bijimi irin na waje, baƙi da fari, ba tozo, ƙirji kamar ƙofar shago. An ce irinsu 'ya'yansu mata bokiti suke cikawa da nono.

Lawan ya daɗe yana juya maganar kafin ya iya roƙa. Abin mamaki, Alhaji bai ja ba. Har mota ya bayar aka ɗauki karsanar.

Indo ta ce ita abin bai kwanta mata ba, wannan ƙato da wannan 'yar aba. Ya ce me ta sani a kan shanu ban da tatsa.

Ciki ya yi girma har maƙwabta suna leƙowa kallo, Lawan yana ta ƙara dusa. Ran da naƙuda ta zo, tun hantsi ƙafafun maraƙi suka leƙo, kai ya ƙi fitowa. Ƙasimu ya shafa man gyaɗa ya sa hannu, suka ɗaura igiya suka ja, a banza. Likitan dabbobin da aka kira ya ce ba ya gari. Kafin la'asar karsanar ta daina yunƙuri, ido ya juye. Ƙasimu ya miƙo wuƙa, ya ce a yi sauri kada ta zama mushe. Lawan da hannunsa ya yanka ta. Da mahauci ya farka cikin, maraƙar ta riga ta mutu. Mace ce.

Washegari ya tafi Tarauni, ya tarar da Alhaji a rumfar ƙofar gida. Alhaji ya yi masa jaje sosai, ya tambayi girman maraƙar, ya tambayi inda ta maƙale. Sannan ya ɗauki waya ya kira mai kula da garkensa, a gaban Lawan.

"Bashir, sabon bijimin nan kada a sake shi cikin karsanoni. Manyan shanu kawai, waɗanda suka saba haihuwa. E, an gwada. Kan 'ya'yansa ya yi girma."

Ya ajiye wayar ya juyo.

"Ka ga amfanin gwaji, Malam Lawan. Da a garke aka fara, karsana nawa zan rasa?"

Lawan ya dube shi ya ce:

"Ni ita kaɗai ce da ni, Alhaji."

"Na sani," in ji Alhaji. "Shi ya sa abin ya zo da sauƙi."