Jan Tanti a Wurin Kwancin Agwagi

Tun daga tagar kicin Hallbera ta hango jan tantin, ranta kuwa ya ɓaci kafin ma ta san mai shi. An zo an kafa shi a jikin tsohuwar katangar dutse, daidai inda agwagin teku suke kwanci. A wannan lungu na arewacin Iceland ko tumaki ba a bari su taka wurin a watan Yuni. Agwagin nan na daji ne, ba wanda ya ɗaure su. Suna zuwa ne don tana tsare su daga yanyawa da hankaki, ita kuma ta kwashi lallausan gashin da suke figewa a ƙirjinsu su shimfiɗa wa ƙwai. Da shi take cin abinci duk shekara. In aka firgita su har ƙwai suka lalace, baɗi wata gaɓar za su nema.

Ta zura takalman roba ta fita, iska na neman yin sama da ita. Ga keke jingine da katanga, an labta masa kaya kamar jakin fatake. Mai shi ya leƙo daga tanti, sai ga fuskar Ketill, ƙaninta da ya tsere birnin Reykjavik tun rasuwar mahaifiyarsu ya bar ta da gona. Yanzu da ya yi ritaya wai ƙasa yake zagayewa a keke, da furfurarsa da matsattsen wando.

"Kai ne?" ta ce ƙasa-ƙasa, don a nan ko zagi da raɗa ake yi. "Duk faɗin ƙasar nan ka rasa wurin miƙe ƙafa sai kan ƙwaina?"

"Sannu, Yaya, ni ma na yi kewarki," in ji Ketill. "Iska ce ta tare ni, jiya turin keke na yini ina yi. Na ga tutoci, na ɗauka masauki aka buɗe wa matafiya."

"Tutocin korar hankaki? Waɗanda kai da hannunka ka riƙa kafa wa Inna? Birni ya cinye maka ƙwaƙwalwa. Ga gida can, ai ƙofa ba ta cizo."

"Ƙofar ba ta cizo, mai gidan ce ban yarda da ita ba."

Ta nuna shi da yatsa. "Kwance tsummanka a hankali, ka ja kekenka ka ɓace min."

Zuciya ta ɗebi Ketill. Mutumin da ke cika baki ya kwana a kowane tsauni, sai ga shi ya fara da cire turakun ɓangaren da iska ke bugowa. Ai kuwa ta shige ƙarƙashin tantin ta fizge shi daga hannunsa. Ya tashi sama yana fatar-fatar, ya bi kan sheƙun nan yana mirginawa har bakin ruwa. Agwagi suka tashi gaba ɗaya, ƙwai suka rage a fili cikin sanyi. Hankakin da suka kwana biyu suna jiran irin wannan rana suka fara saukowa.

Hallbera ta ji kamar ta shaƙe shi, amma ba lokaci. "Rufe ƙwai, sakarai! Ko shi ma ka manta?"

Bai manta ba. Suka bazama a sunkuye, suna jan gashin sheƙa suna lulluɓe ƙwai. Amma sheƙun jikin katanga ta riga ta kwashe gashinsu shekaranjiya ta sa busasshiyar ciyawa, ciyawar kuma iska ta watsar. Ta waiwaya, idonta ya faɗa kan buhun barcinsa, irin wanda ake shiga ciki a kwanta, cike da gashin tsuntsu. Ta zaro wuƙa ta farke shi daga sama har ƙasa.

"Yaya! Kin san abin da na saye shi kuwa?"

"Kwaso, ka daina min kuka."

Da gashin cikin buhun suka rufe abin da ya samu. Wajen azahar agwagi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, suna tafe suna waige. Na jikin katanga ba su dawo ba. Nan ne mahaifiyarsu ta fara tara su da hannunta, yanzu ba komai sai ɓawon ƙwai da gwaiduwa a kan dutse. Hallbera ta tsaya tana kallo.

Ketill ya tattara ragowar kayansa, ya kama kan keke. "To, na tafi. Ki yi haƙuri."

Hallbera ta durƙusa ta kwance tayar gaban keken, ta rataya a kafaɗa, ta ɗauko doguwar sandar korar hankaki ta dangwara masa a ƙirji.

"Wancan karon da Inna ta rasu, ka fasa ka gudu, ni na share," ta ce. "Wannan karon sai sauran sun ƙyanƙyashe za ka ga tayar nan. Tsaya a nan, kuma kada in ji muryarka."