Tarin da Dogo Bai Yi Ba

Baban Tanderu ya daɗe da daina jin ƙamshi, kuma a duk gidan burodin mataimakinsa Dogo kaɗai ya sani. Wata mura ce ta tafi da hancin tsohon, ba ta dawo da shi ba. Tanderun nasu kuwa na itace ne, hanci ke gaya wa mutum burodi ya gasu. Sai suka ƙulla dabara. In ƙamshi ya kai, Dogo da ke jera tire a gefe zai ɗan yi tari, tsoho ya miƙe da ƙasaita ya buɗe ƙofar tanderu, ya jawo burodi jawur. Mai gidan burodin kuwa ya yi ta yabon hancin da babu shi.

Kuskuren Dogo shi ne da ya ba matarsa labarin don ta yi dariya. Ba ta yi ba.

Kada a ɗauki alhakinta, ba muguwa ba ce. Ta gaji ne da ɗaki ɗaya, da wankin riga mai gari, da jin yaran da mijinta ya koya wa aiki sun zama manya a wasu wurare.

"Wato kai ne hancin, shi ne shugaba," in ji ta.

"Shi ya koya mini aikin nan, Maman yara."

"Ya koya maka tari dai. Ni ban ce ka kai ƙararsa ba, ban ce ka yi masa ƙarya ba. Ka yi shiru kawai, sau ɗaya. Ko shirun ma sai an koya maka?"

Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Tare da abinci take ajiye masa maganar. In ya ƙware da ruwa ya yi tari, sai ta leƙo daga kicin ta ce, "Ya gasu ne?" Wata rana tana ninke kaya ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Mutumin kirki suke ce maka, Baban yara, don suna jin nauyin su ce maka rago." Wannan ce ta shige shi, ya yi kwanaki yana yawo da ita a ƙirji.

Ranar da abin ya faru da azahar ne, tanderu cike, mai gidan burodin na tsaye a bakin ƙofa da wani baƙo. Ƙamshi ya kai. Tarin ya taso wa Dogo da kansa, ya haɗiye shi. Tsoho na zaune a bencinsa, hannuwa bisa gwiwa, ya ɗan karkato kai wajen Dogo yana jira. Dogo ya ci gaba da jera tiren da ya riga ya jera, har ƙamshi ya koma ƙauri, har hayaƙi ya fara fita ta gefen ƙofa.

"Baba, wai ba ka ji ba ne?" in ji mai gidan burodin.

Tsoho ya tsaya cikin hayaƙin ya ce, "Ban ji ba. Na daɗe ba na ji."

Aka sallame shi, aka ba Dogo tanderu. Suka koma gida mai ɗaki biyu, matar ta sa labule sabo. Sai dai mijin da ta kawo cikinsa ba ya hira, ba ya wasa da yara, ba ya cin burodi. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta rasa ta inda za ta kama shi.

Wata yamma sai ga tsoho ya yi sallama, riƙe da safar hannunsa ta jan tire, mai kauri, duk ta ƙone a yatsu. Matar ta kawo masa ruwa ta tsaya a bakin labule.

"Gafara na zo nema, ɗana," in ji shi. "Na san ka yi tari ran nan. Kunnen ne shi ma ya fara bin hancin. Shekara da shekaru kana rufa mini asiri, ni kuma na kunyata ka gaban baƙo." Ya ajiye safar a cinyar Dogo, ya juya wajen matar. "'Yata, ki riƙe shi da kyau. Irinsa ba su da yawa."

Dogo ya miƙe. Ya raka shi bakin titi ya dawo.

Ya tarar da matar inda ya bar ta, idonta ya cika da hawaye. Tsoro take ji, da kunyar da ba ta san inda za ta kai ta ba.

"Bai yi nisa ba," in ji ta. "Don Allah ka bi shi ka gaya masa gaskiya."

"Kin ce ko shirun ma sai an koya mini," in ji Dogo a hankali. "To, na koya."

Ya sunkuya ya tura safar ƙarƙashin gado.