Takardar Kulu Mai Fura

Shekara goma sha biyu Kulu tana dama fura a gindin ɗurumin bakin kasuwar Tudun Wada, leburorin reluwe na layi a gabanta. Sai ga shi bayan damina fatar ƙafafunta ta bushe ta tsattsage kamar bayan kifi, abin ya hau har hannuwa. Baki shi ke yanka wuya. Wata ta ce kuturta ce, kafin kwana uku inuwar ta zama kufai.

Kulu ta sha saiwa, ta yi turare, ta gaji. Ranar da za ta ɗakin shan magani wajen Malam Irmiya, kunya ta sa ta dirje jikinta da dutsen kaushi, ta mulke da man kaɗe har tana ƙyalli. Ya dube ta ya yi tsaki, ya ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ta koma ta yi mako guda ba dutse ba mai.

Ta dawo fatar ta yi fari fat, tana jan ƙafa. Ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa ta da auduga, duk inda ya taɓa ta nuna. Ya ce ba kuturta ba ce. Amma da ya shafa wuyanta da hammatarta ya ji kaluluwa, ya tambaya ko tana rama, ko zufa na jiƙa ta. Ta ce zanin ma ya ƙi zama a ƙugu.

"Inna, ruwa ba ya tsami banza. Wannan fata 'yar aike ce, mai aiken yana ciki. Sai likita ya duba ki a babban asibiti."

"Malam, ni dai rubuta mini cewa ba kuturta ba ce."

Ya rubuta.

Washegari ta ɗora takardar kusa da ƙwarya, ta danne da tsakuwa. Labaran, tsohon lebura da ya fi kowa daɗewa yana shan furarta, ya tsaya ya gaishe ta. Boko dai bai iya ba. Ya dubi takarda, ya dubi hannun da ke riƙe da ludayi, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce wajen Atika mai fura a tsallaken hanya.

Da la'asar nonon ya tsinke. Kulu ta juye wa awakin maƙwabta, ta kife ƙwaryar, ta aika a tambayo mata Malam Irmiya wace rana ce likita ke ganin mutane.