Madubi Biyu a Shagon Tela

Shagon siriri ne kamar lungu, faɗinsa bai fi yadi biyu ba. Keken ɗinkin Tela yana bakin ƙofa, domin nan haske yake, teburin yankan matarsa kuma yana can ƙurya, jingine da bango, ƙarƙashin doguwar fitila. Shekara arba'in da ɗaya suka yi a haka, shi yana fuskantar titi, ita tana fuskantar bango, bayan kujerarsa yana gogar bayan tata. Ita ke yanka, shi ke haɗawa. Almakashi yake kiranta, wai ba don na hannunta ba, don na bakinta. Ita kuwa Malam take ce masa in ana shiri, in ba a shiri ta ce mai keke.

Wuni suke yi suna hira ba wanda ya kalli wani. A haka suka raɗa wa 'ya'yansu huɗu suna, a haka suka yi faɗan da ya fi kowanne tsawo, a haka suka shirya. Tela yana magana da fil uku ko huɗu a gefen bakinsa, keke na gudu, ita tana amsawa tana bin layin alli. Sai dai in magana mai nauyi ce, to sai ya ɗage ƙafa daga feda, keke ya yi tsit, sannan ya faɗa. Kuma kullum da hantsi, ko da aiki ya kai wuya, sai ya tsayar da keken ya ce, “Kina nan?” Ita kuma ta ce, “Ina zan je?” Keke ya ci gaba. Ta ɗauka tsokana ce irin tasa, ba ta taɓa waiwayawa ba.

Jin nata bai tafi rana ɗaya ba. Da farko ƙarar waya ce ta ɓace, sai muryar jikoki, sai ƙarshen kalmomi, kamar ana datse wa kowace magana wutsiya. Mutane suna cewa wanda kunnensa ya mutu idonsa kan ƙara kaifi. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama ya zura wa bakin suruki ido minti goma yana neman kalma ɗaya ba. Idonta yana nan yadda yake, sai gajiya da ta ƙaru.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe mai aiki a kantin magani, ita ta kai ta asibitin kunne. Aka ba ta na'urar ji, 'yar ƙarama kamar ƙwayar wake, aka kuma sa ta a ajin karanta leɓe na ranar Talata. Malamar ajin yarinya ce mai wushirya, ba ta da rufa-rufa. Ta gaya musu tun ranar farko cewa leɓe ba ya ba da duka magana: wasu sautuka kama ɗaya suke a baki, wasu kuma can cikin maƙogwaro ake yin su, ido ba ya kaiwa. Sauran sai an tara daga nan da can, ɗan abin da na'ura ta kamo, haske a fuskar mai magana, sanin kan zancen tun kafin a fara, da alamar hannu kusa da baki. Almakashi ta ji daɗin yarinyar, don ita ce mutum ta farko da ba ta ce mata komai zai dawo daidai ba.

A gida na'urar ta yi amfani. A shago kuwa ba ta zaɓe: keke, injin mai walda na tsallaken titi, hon ɗin motoci, duk ta kwaso ta juye mata a ka, muryar Tela ta nutse a ciki. Kafin azahar sai ta cire ta ta jefa a gwangwanin maɓallai. Auta ta sa mata wata manhaja a waya mai rubuta abin da aka faɗa, amma mai yanka ba ta da idon da za ta ba waya aro, kuma in keke na gudu abin da wayar ke rubutawa ko ita kanta wayar ba za ta iya karantawa ba.

Sai ta koyi abin da duk mai irin lalurarta ke koya ba tare da malami ba: cewa “to”. In ta ji gunaguni a bayanta, ta ce to. In ta ga kafaɗar baƙo ta motsa, ta ce to. Tela kuwa ya ga ana amsa masa, ya ɗauka na'ura ta yi aiki. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne tambayarsa ta hantsi ta daina samun amsarta. Wani lokaci a ce masa to, wani lokaci shiru.

Ranar da abin ya fashe, wata shugabar makaranta ce ta dawo kan yadin da ɗanta ya aiko mata daga nesa, ruwan toka mai sheƙi, wanda ba a samun irinsa a kasuwa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ta sake shawara, dogon hannu take so, ba gajere ba. Tela ya faɗa ta kan kafaɗa, fil a baki. Aka ce masa to. Da la'asar ya juyo ya tarar da hannuwa biyu gajeru, an yanke su tsaf, yanka mai kyau irin wanda ba wanda ya iya sai ita.

Ya ceto rigar. Ya yi ƙari da ragowar yadin, ya ɓoye mahaɗin a ƙarƙashin wata siririyar lanƙwasa, har shugabar ta ce ya fi yadda ta zata. Amma labari ya kai kunnen yara.

Suka zo ranar hutu, Yaya babba da Auta, suka zauna a falo. Sun yi magana da ladabi, sai dai juna suke kallo, ita kuwa gefen fuska kawai take samu, kamar mai kallon mutane a tsallaken hanya. Ta kamo kalmar hutu sau uku. Ta kamo shekaru. Daga ƙarshe Auta ta juyo, ta riƙe hannunta, ta buɗe baki sosai kamar mai magana da jariri ta ce Mama ta yi aiki ya isa, a nemo yaron yanka, ita ta zauna ta huta. Almakashi ta dubi mijinta. Yana kallon tafin hannunsa. Ta ce to, kuma wannan karon ta san abin da ta amsa.

Mako uku ta yi a gida. Ta wanke labule da ba su yi datti ba. Ta ɗauko tsoffin jaridu tana yanka hannun riga da wuya da aljihu, ta tara su a ƙarƙashin katifa. Masu cewa hutu magani ne ba su tambaya hutu daga me. Ita ba yankan ta fi kewa ba. Sai yanzu ta gane cewa duk hirar aurenta a shagon take. A gida Tela mutum ne mai cin abinci ya yi hamma. In ya dawo ya zauna gabanta kamar yadda yara suka umarce shi, ya buɗe baki a hankali, sai ya rasa abin faɗa, ya tambaye ta ko ta sha magani. Mutumin da bai taɓa magana ba sai hannunsa na kan ƙyalle, an ce ya zauna ya kalli ido.

A mako na biyu ta lura da wani abu. Ta same shi da safe gaban madubin banɗaki, yatsa biyu a kunci, yana motsa baki. Ta ce haƙori ne, ta kawo masa kanumfari, ta yi masa faɗan shan zaƙi. Ya karɓa ya tauna bai musa ba. Auta kuma ta yi ƙorafin cewa ta biya shago ranar Talata da yamma ta tarar da kwaɗo a ƙofa, abin da ba a taɓa gani ba. Almakashi ta ce a ranta neman mai yanka ya tafi. Ta yi wa sabon mai yankan addu'ar hannu mai rawa, sannan ta nemi gafara.

Ranar wata Laraba, kafin ya fita, ya ajiye mata wani baƙin ƙyalle a kan tebur. Ya yi rubutu a kai da allin tela: akwai yadin da ya gagare ni, ki zo ki gani. Ta san ƙarya ce, don ba yadin da ke gagarar sa, yanka ne kawai ba ya so. Duk da haka ta sa na'urarta, ta ɗauki almakashinta, ta sa Auta ta kai ta.

Teburinta yana inda yake, ba wanda ya taɓa shi. Amma dogon madubin gwaji, wanda ke gefen ƙofa tun buɗe shagon, an ciro shi an kafa shi a kwance a bangon da ke gabanta, an ɗan karkata shi. A jikin ƙofa kuma, gaban keke, an ɗaure wani madubin mai zagaye, irin na shagon aski, da waya da ƙusa biyu. A ƙasa akwai wani dogon katako, kafinta ya ɗaure kansa ɗaya a ƙafar keke, ɗayan a ƙafar teburinta.

Tela ya yi bayani yana tsaye gabanta, yana kame-kame. Ya ce ajin Talata ya je, wanda ita ta riga ta gama, har sau uku, ya zauna cikin kurame kamar ɗalibi, mai wushirya ta ce shi ne miji na farko da ya zo ba a jawo shi ba. Ya gaya mata matsalarsa: in ya juya keke ya fuskanci matarsa, ƙofa ta koma bayansa, fuskarsa ta yi duhu, ɗinki ma ya yi duhu, ga idonsa ba kamar da ba. Yarinyar ta ce to haske yana inda ya dace, fuskar ce za a aika. Katakon kuwa dabararsa ce, ba ta kowa ba.

Almakashi ta zauna. Ta ɗaga ido, sai ga ƙeyarsa a dogon madubi, ga kuma fuskarsa a cikin mai zagayen, hasken titi ya cika ta. Ya hau keke. Ta ji gudun a tafin hannunta, ta cikin teburin, kamar bugun zuciyar wata dabba mai barci. Ya fara magana. Ta zura ido, ta zura, sannan ta ajiye almakashi.

“Mai keke,” ta ce, “ka je aji sau uku, ba wanda ya ce ka cire fil daga bakinka?”

Auta, da ke tsaye a ƙofa da jaka a kafaɗa, ta juya baya tana dariya. Tela ya tofo fil huɗu a tafinsa, ya rasa inda zai sa su, don tun yana saurayi bakinsa ne ma'ajiyarsu. Matarsa ta jawo ragowar yadin shugabar makaranta, ta yanka da'ira, ta cusa auduga, ta ɗinke da hannu, ta sa masa roba. Minti goma ba su cika ba ta ɗaura masa ɗan matashin a wuyan hannu, ta soke fil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce gashin bakin ma a rage shi kafin gobe.

Suka fara aiki. Ba duka take kamawa ba. Ta rage ƙarfin na'urar yadda keke ba zai dame ta ba, kunne ya kawo ɗan guntu, ido ya kawo guntu, ita ta haɗa, haɗi kuwa sana'ar gidan ce. In zai faɗi awo sai ya taɓa haɓa, ya nuna lambar da yatsu a gefen baki, abin da ta zata ciwon haƙori. In zai sauya zance sai ya fara da kan maganar, wando, ko mai walda, ko jikanmu. Sau biyu ta ce ban gane ba, sake. Kalmar ta yi mata nauyi a karon farko, a na biyu ta fito da sauƙi. Ba ta ce to ba ko sau ɗaya. Auta ta daɗe tana kallo, sannan ta gyara jakarta ta tafi aiki, ba ta ce yaushe za ta dawo ɗaukar ta ba.

Hantsi ya yi. Tana tsakiyar yanka kafaɗa sai teburin ya yi tsit a ƙarƙashin hannunta. Ta ɗaga kai.

Yana kallon madubin mai zagaye. Leɓensa ya motsa, kalma biyu, waɗanda ko a duhu za ta gane. Amma fuskar ce ba ta sani ba. Shekara arba'in da ɗaya tana zaton da murmushin tsokana yake faɗa. Babu murmushi. Fuskar mutum ce da ya yi tambaya yana jiran amsa, girarsa a ɗage, ƙafarsa a sama da feda, kamar ba zai iya sauke ta ba sai an ba shi izini.

Ta gyara zaman yadin da bai karkace ba.

“Ina zan je, Malam?” ta ce.

Ya sauke ƙafa. Gudun keken ya dawo cikin tafinta, ta ɗauki almakashi ta ci gaba daga inda alli ya tsaya.