Tulun Koriya

Bayan sallar isha'i ƙarar ta fara. Gulɓ... gulɓ... sai shiru, sai wani dogon huci kamar na san da ya wuni yana huɗa. Hambali maƙwabci ya leƙo ta saman danga da tocila a hannu.

"Sammani! Ko kanal ce ta ɓalle ta ƙarƙashin gidanka?"

"Ba kanal ba ce," in ji Sammani. "Abincin Koriya ne yake nuna."

"A cikin ƙasa?"

"A cikin ƙasa."

Hambali ya yi a'uziyya, ya kashe tocilarsa, ya koma ɗaki.

Sammani shi ne mai buɗe ƙofar ruwan kanal a gonakin shinkafa na wajen Bunkure. A shekarar da rediyo ya ishi mutane da labarin wasannin duniya da za a yi a Koriya, sai ofishin noman rani ya ce za a kai mutum ɗaya can ya koyo dashen shinkafa. Aka tace, aka bar shi da Iliyasu mai tarakta. Washegarin wannan daren ne baƙo ɗan Koriya zai zo ya zaɓi ɗaya. Sammani bai taɓa wuce Zariya ba, kuma tun yana yaro yake son ya ga yadda gajimare yake ta bayansa.

Wanda ya ɗauki nauyin shirya shi kawunsa ne, Dattijo. Lokacin da ake haƙa kanal, Dattijo ya yi gadi a sansanin injiniyoyi, a cikinsu akwai wani gajere mai tabarau wanda ya rantse ɗan Koriya ne. Ba su taɓa magana ba, amma ya kalle shi sosai ta cikin wayar shinge.

"Mutanen nan ba su da wuyar sha'ani," haka ya ce tun farko. "In ka ga ƙofa, cire takalmi. In ka ga babba, karya bayanka. Kome za ka miƙa, da hannu biyu. Kuma kul ka sa hannu a abinci! Da tsinke biyu ake ci."

Sammani ya bi umarni. Ya fere karan dawa biyu yana cin tuwo da miyar kuka da su, lomar da ta isa baki ba ta kai wadda ta faɗa cinya ba, har wandonsa ya fara zamewa. Ya yi ta sunkuya wa dagaci har dagaci ya aiko masa da man zafi. Ranar kasuwar Kura ya cire takalmi a ƙofar mota, mota ta tafi da shi ta bar takalmin.

Babbar jarrabawa kuwa ita ce tulun. Dattijo ya ce da idonsa ya ga mutumin ya yanka kabeji, ya zuba gishiri da barkono da tafarnuwa, ya rufe a tulu ya binne, da ya tono sai wari. "Wanda ya iya cin wannan, shi ne ɗan gida." Da yake bai san abin da ke kawo warin ba, sai ya ƙara daddawa da busasshen kifi da ɗan nono don kada a yi saura. Suka liƙe bakin tulun Saude, matar Sammani, da laka, suka binne shi a bayan ɗaki a tsakiyar bazara.

"Baba," in ji Saude, "in tuluna ya fashe, ku biyun a ƙasa za ku tafi Koriyar."

Da hantsi wata mota Fijo ta tsaya a ƙofar gida. Malam Dalhatu na ofis ya fito, bayansa baƙon, Mista Pak, cikin babbar rigar da take share ƙasa da hula a karkace. Yana ganin furfurar Dattijo ya zube ya durƙusa.

"Ina kwana! Ina gajiya! Ina gida! Ina labari!" Bai jira amsa ko ɗaya ba.

Sammani ya karya bayansa. Baƙo ya ga haka ya ƙara yin ƙasa. Sammani ya ga baƙo ya fi shi ladabi, shi ma ya ƙara, har hulunansu suka yi karo suka faɗi tare.

"An yi masa bayanin Hausawa kafin ya taso," Dalhatu ya raɗa wa Dattijo. "An ce masa a durƙusa wa babba, a ci da hannun dama, kuma ba a ƙin abincin mai gida."

"Madalla," in ji Dattijo. "A kawo fartanya."

Aka tono tulun. Ba a gama ɗaye lakar ba murfinsa ya yi sama da kansa, ya tsallake danga. Kajin Hambali suka watse. Warin ya fito a tsanake, ya zagaya tsakar gida. Dalhatu ya toshe hanci da hularsa ya ce shi fa yana azumin nafila.

Sammani ya miƙa kwano da hannu biyu. Mista Pak ya wanke hannunsa na dama, ya tsoma, ya kai baki. Sammani ya ɗauki karansa biyu, ya yi bisimilla. Tun a lomar farko hawaye ya zubo wa kowannensu. Sammani ya san in ya tsaya, Koriya ta tafi wurin Iliyasu. Baƙo kuwa ya san in ya tsaya, ya wulaƙanta mai gida. Suna kallon juna suna kuka suna ci, Dattijo yana ƙara musu.

"Da daɗi," in ji Mista Pak. Sannan ya yi wa Dalhatu Turanci.

"Yana tambaya, wai kullum wannan Sammani yake ci?"

Dattijo ya ga dama ta samu. "Gaya masa safe da dare! Ba ya son kome sai shi!"

Baƙon ya dubi Sammani tun daga sama: wuya duk ƙashi, baya a tanƙware, ƙafa ba takalmi, ga kara biyu a hannu. Ya goge ido da bakin rigarsa, ya daɗe yana magana.

"Ya ce Iliyasu ya fi ka sanin inji," in ji Dalhatu ta cikin hula, "amma Iliyasu yana da ƙiba, zai iya jira. Kai za a tafi da kai, ka samu ka ci abincin kirki ko na ɗan lokaci ne. Ya ce a ƙasarsu akwai wani kabeji da suke binnewa a tulu, ranar da ka ɗanɗana shi ba za ka ƙara waiwayar wannan naku ba."

Dattijo ya gyara zama. "Ban gaya maka ba?"

Sammani ya buɗe baki zai yi godiya, sai cikinsa ya riga shi magana, ya nufi bayan gida da sauri. Fijo ma ba ta yi nisa ba aka hango ta tsaya a bakin kanal, babbar riga ta shige cikin shinkafa da gudu.

Hambali ya leƙo ta danga, murfin tulu a hannunsa.

"Ni dai ku fitar da ni daga duhu. Shi ya ce naku ne, ku kun ce nasa ne. To wai wannan abin, abincin su wa ne?"

Dattijo ya kama gyaran hularsa. Saude ta shige ɗaki. Daga cikin tulun aka ji gulɓ.